Matan Durumi Sun Riga Ni Hannun Iya

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata, Iya, kuma har gobe ban huce da matan Durumi ba. Su ba su ma san suna da laifi ba. Duk wadda muka haɗu da ita a kasuwa ko a tasha sai ta rungume ni, ta ce Allah ya ji ƙan Mama, ta shiga ba ni labarin yadda Iya ta yi mata wankan jego. Ni kuma in ce amin, in yi mata murmushin dole. An ce kishi kumallon mata, to nawa ba a kan miji yake ba. Uwata aka yi tarayya da ni a kanta, kuma ni da ta haifa ni ce na tashi da ƙaramin kaso.

Ni ce 'yar farinta. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu na ƙasar Zazzau ya san abin da wannan yake nufi, amma 'ya'yan Abuja sai an yi musu bayani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce. A gida wannan ba ya cutar da yaro, domin ga kaka, ga goggo, ga inna, su ne za su goya ka, su kira sunanka har ka gaji da amsawa. To ni ina 'yar shekara biyar Baba ya kwaso mu zuwa Abuja, ya buɗe tireda a Durumi. Iya ta taho da kunyarta cif, kakannin da goggonnin kuwa aka baro su a can. Sunana Zuwaira, amma a bakin Iya ni "ke" ce, in ba na kusa kuma "waccan". Ƙannena maza biyu da aka haifa a nan, tun daga bakin famfo take ƙwala musu kira har a ji a titi.

A ƙauye Iya matar kulle ce, ko zaure ba ta leƙawa. A Durumi kuwa ɗaki ɗaya muka samu a gidan haya mai ɗakuna jere suna kallon juna, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Maƙwabcinmu na dama Bakatsine ne mai sayar da yadi, na hagu direba ne daga Filato, Kirista. Kullen me za a yi a nan? Baba ya rataya labule mai kauri, ya yi ta faɗa na ɗan lokaci, daga baya ya gaji don kansa.

Matar direban nan, Rifkatu, ita ce ta fara ƙwace mini uwa. Yarinya ce a lokacin, haihuwarta ta fari, uwarta kuma tana can Filato ga tsufa ga nisa. Kwana biyu da haihuwa Iya ta gan ta a tsugune tana wanki da ruwan sanyi, ƙafafunta a kumbure. Iya ba ta yi shawara da kowa ba. Ta haɗa murhu a bayan gida, ta ɗora babbar tukunya, ta aike ni in karyo ganyen dogon yaro. Ina tsaye riƙe da bokiti na ga tana tsoma ganyen a tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa Rifkatu a baya, sannan ta bi da tafin hannu tana dannawa. Hannun da bai taɓa shafa kaina ba. Tana yi tana cewa, "Sannu 'yata, daure. Sannu Rifkatu." Wallahi ranar ji na yi kamar in kifar da bokitin.

Safe da yamma aka yi ta wannan wanka har kwana arba'in, ga kunun kanwa, ga yaji, ga gasa cibiyar jariri. Kafin a jima labari ya karaɗe unguwa. Abuja gari ne da kowa ya baro uwarsa a wani wuri, amare kuwa suna ta haihuwa a ɗakunan haya. Matan 'yan kasuwar Kano da Katsina, matan masu gadi da 'yan sanda daga kudancin Kaduna da Nasarawa, kowacce sai ta aiko a kira Mama. Haka suka raɗa mata, Mama, ba tare da sun nemi izinina ba. Sau da yawa in dawo daga makaranta in tarar da tukunyarmu a kife, Iya tana can tana dama wa wata kunu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Baba bai so ba, musamman shigarta ɗakunan Kiristoci, kuma wasu samarin masallaci suka riƙa zuga shi. Iya ta ce masa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ita ba ta taɓa ganin ruwan zafin da ya tambayi mai jego inda take ibada ba. Ba raina addini ta yi ba. A Durumin nan ta shiga Islamiyyar matan aure, abin da uwarta ba ta taɓa mafarkinsa ba, ta koyi karatu da gyaran salla, ta sa hijabi, ta watsar da layu da camfe-camfe da yawa. Har na sa rai. Wata rana na dawo daga tamu Islamiyyar da ɗokina, na gaya mata malaminmu ya ce kunyar ɗan fari al'ada ce kawai, babu ita a addini. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in koma in tambayi malamin ko shi uwarsa tana kiran sunansa. Birni ya raba Iya da kulle, ya raba ta da layu, ya koya mata shiga mota ita kaɗai, amma abu ɗaya da nake roƙon ya raba ta da shi ya bar mata.

Wani lokaci nakan zauna in yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Yanzu wankan jego sana'a ne, a waya ake kiran mai yi, ta zo da jakarta ta yi ta tafi, ko sunan mai jegon ba lallai ta riƙe ba. Likitoci sun hana zafin ruwa da yawan kanwa, sun ce suna taɓa zuciya, kuma ban musa musu ba. Mai jego ba ta gama warkewa ba hutun ofis ya ƙare. Na ga maƙwabcina, Bahaushe ɗan Bahaushe, ya ɗaura tawul yana yi wa jaririnsa wanka yana kallon yadda ake yi a waya. Iya za ta yi salati ta tafa hannu, sannan ta ture shi ta karɓi yaron. Abin da zai fi ba ta mamaki shi ne iyayen yanzu da ke rungumar 'ya'yan farinsu a bakin makaranta suna sumbata, suna kiran sunansu da ƙarfi ba ko kunya. Ni kam in na gan su sai in kau da kai, don su ma kishinsu nake yi, manya da yaran duka.

Ana saura 'yan kwanaki bikina na yi ƙarfin hali. Tana tankaɗe, na zauna a bayanta na ce, "Iya, ni in na haihu wa zai yi mini?" Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da a gida ne, ƙanwata ce za ta yi miki. A nan wa gare ni? Ni zan yi." Shi ke nan maganar. Amma ni na san abin da aka ba ni. Kwana arba'in ina ɗakinta, hannunta a jikina safe da yamma, kuma na tabbata wadda ake fyaɗa wa ruwan zafi ba a ce mata "ke". Dole sunan ya fito.

Sai haihuwar ta ƙi zuwa. Shekara shida ina aikin koyarwa ina zaga asibitoci. A tsakanin nan aka yi rusau a ɓangarenmu na Durumi, gidan hayar ya zama fili, maƙwabta suka watse. Su Baba suka koma Jiwa, su Rifkatu suka nufi Masaka, wannan a wancan bakin gari, wancan a wannan. Na ce a raina to madalla, yanzu uwata ta dawo tawa. Ina! Zumunta a ƙafa take, in ji Iya. Da tsufanta take canjin mota har Masaka, wani lokaci ta tare can sai an yi arba'in, domin ƙannen waɗancan matan da 'ya'yansu sun fara haihuwa. Duk wadda ta haihu sai na je barka da turmin atamfa da fara'a, in dawo gida in rufe ɗaki in yi kuka. Mutane sun ɗauka rashin ɗan ne kawai ke damuna. Layi nake gani ana ta wuce ni.

Da Allah ya kawo cikin, Iya ba ta ce mini komai ba, kunyar dai. Ƙanena ne ya tsegunta mini cewa ta fara tara itace a bayan gida, kuma ta hana kowa taɓawa. Cikin yana wata bakwai hawan jini ya kayar da Iya a tsakar gida da hantsi. Kwananta biyu a asibiti ba ta yi magana ba, Allah ya karɓi abinsa. Ranar ta'aziyya Jiwa ta cika da mata, masu hijabi da masu ɗankwalin coci, kowacce tana kuka tana cewa uwarta ce ta rasu. Ina zaune da tulun cikina ina kallonsu. Ba zan ɓoye ba, haushinsu na ji. Kowacce a cikinsu ta samu nata arba'in ɗin ta gama, sannan ta zo tana neman ta fi ni kuka.

Mace na haifa, aka sa mata sunan Iya. Kun ga ikon Allah, ni da na rantse zan kira sunan 'yar farina har ya tsufa a bakina, ga shi ba na iya furta shi, sunan uwata ne. Ummi muke ce mata.

Ranar da aka sallame ni daga asibiti muka tarar da Rifkatu zaune a matakalar benenmu da ƙullin kayanta da damin ganye. Ba wanda ya kira ta. Ta ce ta gaya wa oganta, wato mijinta, ba zai gan ta ba sai bayan arba'in. Ban so ba. A duk matan duniya ita ce ta ƙarshe da nake son ta taɓa ni, amma mijina ya yi mata maraba, ni kuma ba ni da ƙarfin gardama. Mai gidan haya ba ya barin a hura itace, a kan gas ta dafa ruwan, ta sirka shi yadda likita ya ce. Ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunne ta fara. Da ta ajiye ganyen ta danna tafin hannunta a tsakiyar bayana, na gane dannawar, ta Iya ce. Tun ina yarinya nake kallonta daga bakin ƙofa.

Tana cikin yi, da irin Hausarta ta Filato, ta ce, "Kin san Mama yana kiran sunanki a ɗakina kullum? Zuwaira ta ci jarrabawa, Zuwaira ta samu aiki. Har mu gaji da ji." Na ce mata ƙarya ne, Iya ba ta faɗin sunana. Ta ce su ai ba su san da wata kunya ba, sai daga baya wata Bakatsiniya ta gaya musu. A gaban Hausawa Iya takan kama bakinta, amma a ɗakin waɗanda ba su san al'adar ba babu mai kallon bakinta, sai ta sake.

Na yi kuka, Rifkatu ta zaci daɗi ne. Da daɗin a ciki, amma ba shi ya fi yawa ba. Ashe hannun bai ishe su ba, har sunana a bakin uwata su suka ji. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinmu da na Rifkatu, shekara da shekaru ana kirana a bayanta ban sani ba. Da na samu numfashi na ce, "Anti Rifkatu, yaya take faɗa?" Ta sassauta murya, ta ja ƙarshen yadda Zazzagawa ke yi, ta ce, "Zuwairata."

Idan aka tambaye ni abin da Iya ta bari, ba gida ba ne, Durumin da ta sani ma babu shi. Yaran da ta gasa wa cibiya sun zama magidanta, yawancinsu ba su san da ita ba. Wankan nata yana hannun mata 'yan kaɗan a Masaka da Jiwa, su ma 'ya'yansu ba sa koya. Allah ya ji ƙanta, ya sa abin da ta yi wa 'ya'yan mutane ya tarbe ta. Ni gadona kalma ɗaya ce, kuma a bakin wata take ajiye. Rifkatu ta fara tsufa, ciwon suga yana cin ta, kuma wannan yana tayar mini da hankali fiye da yadda take zato. Duk shekara idan watan rasuwar ya kama sai in shiga motar Masaka, in zauna a ɗakinta, mu yi hirar duniya, in zan tashi in ce ta faɗa mini. Ta faɗa, in ce ta sake. Ba ta taɓa tambayata dalili ba, ni kuma har yau ban iya yi mata godiya ba tare da na ji haushinta ba.