Itacen da Kawu Ilu ya hana a ƙona

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Stapleton ya san ba ya wuce itace bai ƙwanƙwasa ba. Ƙafar tebur, ƙyauren masallaci, sandar wani tsoho, sai ya lanƙwasa yatsa ya buga, ya kasa kunne. "Ɗanye ne!" in ji shi, ya wuce ya bar mai abu da takaici. Mahaifinsa mai sayar da itace ne a Maradi, shi kuma ya shekara ashirin yana tuƙa tasi a New York, amma kunnensa bai bar rumfar uban ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. A ɗakin sama na gidansa na zauna har na gama karatun injiniya. Tsohon gidan katako ne, hitarsa ta ɗumama ɗaki mai shan mai ce. Kawu ya tsane ta. Yakan bar ta ƙasa-ƙasa, don kada famfo ya daskare kawai, mu kuwa mu yi ta kanmu. Matarsa, Tanti Hadiza, da safar hannu take tuƙa tuwo.

"Ɗumin da ba ka ga wutarsa ba, aro ne," haka yake cewa. Murhun itace yake so, a tsakiyar falo.

Itacen ya riga murhun zuwa. Wata shekara iska ta kayar da bishiyoyi a unguwa. Kawu na ɗauke da fasinja, Bature mai kwat, sai ya hango reshe a bakin titi. Ya taka birki, ya fita, ya ƙwanƙwasa, ya cuso shi ta taga.

"Riƙe nan, oga."

"Ina da taro!"

"To riƙe da kyau, mu yi sauri."

Da na gama makaranta ya kira ni. "Kai ne mai takarda. Zaɓo mana murhu. Abin da ka ce, shi za a sa."

Ina ganin a nan kuskuren ya faro, ko da yake ba zan rantse ba. Na yi karatu sosai. Na kawo masa hotuna: mai ƙarfen zubi, mai jikin dutse da ke riƙe zafi har safe, da wani mai cin ƙwayoyin dusar katako. Ya juya ƙwayoyin a tafin hannu.

"Abincin kaji zan ƙona? A gidana?"

"Ya fi tsabta, Kawu. Sai dai in wuta ta ɗauke ba ya aiki."

"Murhun da ke jiran lantarki! To mai dutsen fa?"

"Watakila ya yi. Amma yana da nauyi, ban tabbata daɓen falo zai ɗauka ba."

"Mai ƙarfen?"

"Zai iya yi. Amma akwai maganar bututun hayaƙi, da takardar izini, da inshora, kuma na ji dokar na shirin canzawa."

Ya dube ni ya daɗe. Daga ranar na zama Injiniya Watakila, har a masallaci. Amma bai sayi murhu a bayan idona ba. Ya ce ya ba ni magana, ba ya karɓe ta. Taurin kansa da tsorona suka haɗu, hunturu uku muka yi a haka. Tsoron ba na banza ba ne, gidan katako ne, na sha karanta labarin gobara. Sanyin ma dai ba na banza ba ne.

A bayan gida akwai wani tari daban, lulluɓe da tamfol. Wani itace ne mai tauri da yake kira ƙiryar Turawa, wai ƙasa ba ta cin sa. Ya yanka su tsawo ɗaya, da kamun hannunsa. Ranar layya maƙwabcinmu Alhaji Sani, mutumin Kumasi, ya zo roƙon guda biyu daga ciki zai gasa nama.

"Ɗauki kujerar falo," in ji Kawu. "Ɗauki Injiniya ma, ya bushe sarai. Waɗannan dai a'a."

Na auna su da tef, na ce, "Kawu, sun yi tsawo. Babu murhun da za su shiga."

"Waɗannan ba za su ga wuta ba, in Allah ya yarda. Ni ma haka."

Na yi dariya. Ban gane ba.

A hunturu na uku tari ya kama shi, ya sauka ƙirji. Kwana tara ya yi a asibiti. Na tambayi likita ko sanyin gida ne, ta ce ba lallai ba. Irin amsata ce aka ba ni, na ji yadda take da ɗaci. Ranar ƙarshe da ya yi magana ya kama hannuna, ya ƙwanƙwasa goshina da yatsa.

"Har yanzu ba murhu?"

"Na kusa, Kawu."

"Ɗanye ne," ya ce, yana murmushi.

Da safen jana'iza Tanti ta yaye tamfol ɗin. "Na rufin kabarinsa ne, kamar yadda ake yi a gida. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Muka loda su a motar Alhaji Sani zuwa maƙabarta a New Jersey. Ma'aikacin wurin ya ce suna da nasu allunan, bai saba ganin wannan ba, ko akwai wanda ya tabbata za su ɗauki nauyin ƙasa? Kowa ya juyo ya dube ni. Na ji kalmar nan, watakila, ta taso har maƙogwaro.

"Za su ɗauka," na ce. "Ni injiniya ne."

Ya kira maigidansa a waya, aka yarda. Muka jera su ɗaya bayan ɗaya. Sun zauna cif, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba.

Bayan sati biyu na zaɓi mai ƙarfen zubi. Takardar izinin ba ta yi wuyar da na zata ba, aka kafa shi a falo. Tanti ta cire safar hannu, ta zauna gaban wutar. Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Masu gaisuwa suna cewa Allah ya sanyaya makwancinsa, ina amsawa da amin, na san abin da suke nufi. A raina kuwa nakan ƙara: ya Allah, bawanka ya sha sanyi, wani daga ciki a hannuna. Ka lulluɓe shi da rahama, ka tsare shi daga wuta kamar yadda ya roƙa, ka sa ya yafe mini.