Wuyan Tulun da Na Cire

Garin da aka haife ni babu shi yanzu. Yana can bayan Aujara, nesa kaɗan da titi. Rijiyarmu ce ta rufta, aka haƙa wata ta ba da ruwan zartsi, sai mutane suka riƙa tashi gida-gida, suna cire azara da ƙyauren ɗaki suna lodawa a amalanke. Mu Dutse muka nufa, jim kaɗan bayan an yi mana jiha, na kama ɗinki a Yalwawa.

Amma ban bar kufan ba. Ƙasar kufai akwai taki, don haka kowace damina nakan je in shuka gero a inda gidanmu yake. Ni mutum ne mai tsoron hakkin wani. Kafin in sa fartanya sai da na tambayi dattawa iyakar gidanmu har sau uku, kada in ci ko taku ɗaya na maƙwabci. Maƙabarta kuwa ko kusa da ita ban noma ba. Da nake sharar farko na kwashe buraguzai da duwatsun murhu. A wani gefe na tarar da wuyan tulu kafe a ƙasa. Don kada garma ta yi karo da shi, na tone shi na jefar bakin gona.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, bayan an yanke gero, mahaifiyata ta ce in kai ta kufai. Ba ta taɓa neman haka ba. Na kawo mata zancen rana da ciwon ƙafarta, ta ce ta ji, in dai kai ta.

Muka tarar da kukar bakin gari tana nan. Masallaci ya zama tudu. Ramukan marina sun cika da yashi, gungumen bakin rijiya kuma har yanzu da sawun igiya a jikinsa. Inna tana tafe tana nuna mini da sanda, nan gidan mahauta, nan ake sussuka. Da muka iso filinmu sai ta tsaya. Ta shiga zagayawa tana ture karare da sandar. Na tambaye ta me take nema.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Akwai wuyan tulu a bayan ɗakina."

Nan ta gaya mini, fuskarta na kallon wani wuri, cewa tun kafin a haifi yayata, ita Inna ta haifi namiji, bai cika arba'in ba ya koma. A lokacin jariri a cikin gida ake binne shi. Ɗan fari ne, saboda haka kunya ta hana ta kuka a gaban mutane, ta hana ta zancensa ko da mu. Da hannunta ta kafa wuyan tulun a kan kabarinsa ranar da kowa ya tafi gona.

Zan iya cewa ruwa ne ya tafi da shi, kuma sai da na yi wannan tunanin. Na kasa.

"Inna, ni na cire shi."

Na yi ƙoƙarin tuna wurin. Na nuna nan, zuciyata ta ce can ne. Damina takwas garma tana bi ta kai, ko'ina ya zama kunya iri ɗaya.

"Ba ka sani ba, Auta," in ji ta. "Ni ce ban faɗa ba."

Mun samu wuyan tulun cikin ƙaya a bakin gona. Ta daɗe tana riƙe da shi tana duban filin, ba ta san inda za ta ajiye ba. Daga ƙarshe ta ƙulle shi a gefen zanenta muka dawo.

Na tambayi malamai biyu, duk sun ce babu laifi a kaina. Duk da haka ban ƙara shuka filin ba, ciyawa ta cinye shi. Bayan rasuwar Inna na ga wuyan tulun a ƙasan akwatinta, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Sunan yaron kuwa ba ta taɓa faɗa ba, ni kuma na kasa tambaya. In zan yi masa addu'a, yayana kawai nake cewa.