Na Bar Hajja Falmata Babu Tafinta

Ina cikin gonar tattasai da safen nan, ruwa har idon sawu, hedimasta ya kira ni wai Hajja Falmata ta rasu a asibiti a Nguru. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Ita ce malamar aji uku a firamaren da nake koyarwa a bayan Gashua, kuma ita ta fito da zaman iyaye a cikin aji duk Alhamis ɗin ƙarshen wata. Babu dogon jawabi. Kowa ya zauna a bencin ɗansa, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu littafin yaron.

Matan ruga ne suka fi ba ta wuya, kullum uzurinsu nono bai ƙare ba. Sai ta saye ragowar, a dama fura a sha a ajin, ta ce to yanzu kuma sai a zauna.

Tana jin Barbarci, tana taɓa Badanci, amma Fillanci ko gaisuwa ba ta iya ba. Su kuma matan Hausarsu ta ciniki ce. Ni ne tafinta a tsakaninsu.

Da na samu fili a fadama sai na fara zillewa. Yau mura, gobe injin ban ruwa ya lalace. Wallahi duk ƙarya ce, gani nake wahalar banza ce tunda ba alawus. Wata huɗu ban leƙa zaman ba. Matan suka zo sau biyu, ba mai fassara musu, suka daina zuwa. Daga baya ɗaya cikinsu, Inna Dije, ta cire 'yan biyunta ta mayar da su kiwo.

Makon jiya Hajja ta tare ni a bakin ofis. Ta rame sosai, ni kuwa saboda sauri ko ya jiki ban ce mata ba. Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi.

"Ɗana, bakinka kawai nake son ka ara min na awa ɗaya. Ka raka ni ruga mu roƙo yaran nan kafin su yi ƙaura."

Na ce in sha Allahu, alhali na san ba ni da niyya.

Kunya nake ji, jama'a. Na cuce ta, kuma babu damar neman yafiya.

Bayan jana'iza zan je rugar ni kaɗai. Ba su ji labarin rasuwar ba tukuna, kuma ban san ko za su ba ni yaran ba, don ni ba ita ba ne.

Allah ya jiƙan Hajja Falmata, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a. Ni kuma ku roƙa min Allah ya sa Inna Dije ta saurare ni.