Wanda Zai Kunna wa Jakada Wuta

Na san tsohon a Lyon, lokacin ina aikin gashin ƙashi a wani gidan tsofaffi. Mutumin Indiya ne, ya yi wa ƙasarsa jakadanci a wurare da dama, na ƙarshe a Paris. Da ya aje aiki ya biyo matarsa Bafaranshiya garinsu, ita kuma ta mutu ta bar shi.

Ko a keken marasa lafiya sai ya ɗaura nakatai a wuya, kamar shugaban ƙasa na jiransa. Ina yi masa tsiya in ce, "Ranka ya daɗe, yau da wa za mu sasanta?" Ya ce, "Da gwiwata." Ya taɓa zama a ƙasashenmu, yana gaishe ni da wata karyayyar Hausa mai sa ni kewar Maradi.

Wata rana ya riƙe hannuna ya ce a addininsu ƙona gawa ake yi, ɗan fari ne ke kunna wutar, sannan a kai tokar babban koginsu. Ɗansa na Amurka, sun daɗe ba sa magana. "In bai zo ba, kai za ka tsaya." Na tsorata ƙwarai, amma na ce to.

Matata ta ce, "Mi ya kai ka? Ɗan Adam hwa! Ça va pas? Kanka ɗaya kuwa? Mu da muke roƙon tsari da wuta?"

Ya rasu lokacin sanyi. Ɗan bai zo ba, ya ce a nuna masa ta waya. Ofishin jakadanci ya aiko furanni daga Paris. A gidan ƙona gawa ni kaɗai ne, da ma'aikaci, da waya a jingine jikin kujera. Aka nuna mini maɓallin kunna wutar. Bakina ya saba da bismillah, na rasa ko ta dace a nan. Na yi ta a zuci, na danna.

Tokar ta zauna a gidan ƙona gawar tana jiran ɗan. Na yi ta kiransa har ya daina ɗauka. Ni ba dangi ba ne, ba su ba ni ita ba. Da wa'adi ya cika suka watsa ta a lambunsu, bayan wurin aje motoci.

Na je da ruwan Rhône, kogin da ya ratsa Lyon, a kwalba na zuba a kan ciyawar. Iyakar kogin da ya samu ke nan.