Jiniyar da Na Kunna a Ƙauyen Su Hassi

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da na kunna jiniya a wani ƙauye bayan Birnin Tsaba ba. Ku da kuke riƙe da motar asibiti yanzu, ku saurara, don ba da daɗin rai nake ba da labarin nan ba. Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ba a ba mu Zamfara ba tukuna. Ni ƙaramin direba ne a asibitinmu na Ƙaura, shekarata biyu da kama aiki. Babban direba shi ne Baba Tanko. Motar ɗaukar marasa lafiya guda ce tal, ita ke zuwa Zurmi, ita ke zuwa Shinkafi.

Sai na fara gaya muku yadda mutanen karkara suka ɗauki motar nan. Ta fi kai gawa gida a kan ɗauko mai rai, saboda haka sunanta a ƙauye motar gawa. In an kawo mamaci, ana danna jiniya a bakin gari don mutane su taru, a juya bayan mota zuwa ƙofar gida, a buɗe ƙofar baya a sauke shi. Shi ya sa Baba Tanko yake da tsarinsa in za a ɗauko mai rai. Ba ya kunna jiniya. Yakan aje mota wajen gari, ya taka da ƙafa zuwa gidan mai gari, ya cire takalmi ya gaishe shi, sannan a kawo majinyaci a amalanke, a shigar da shi ta ƙofar gefe. Ni kuwa abin nan yana ci mani rai. Gani nake tsufa ne kawai da son surutu.

Ana nan sai wani likita ya kawo kaset ya sa mana a talabijin na ɗakin hutun ma'aikata. Shiri ne na ƙasar Turawa a kan ma'aikatan ceto masu yawo a jirgi mai saukar ungulu. Waya na bugawa sai su zabura da gudu, jirgi ya tashi, su dira tsakiyar gonar mutum, ba sallama ba gaisuwa, su sunkuci majinyaci su yi sama. Ba na jin Turanci sosai. Sista Rifkatu, ungozomarmu mutuniyar Jos, ita ta riƙa fassara mani, ta ce duk aikinsu lissafin mintoci ne. Wallahi kallon nan ya shiga kaina. Na ce da Baba Tanko, "Baba, ka ga inda ake aiki. Mu muna can muna tambayar lafiyar awaki."

Ya ce, "Garba, su mutanensu sun san abin da jirgin ya zo yi. Namu fa?"

Na yi dariya, ni mai wayo.

Bayan kamar mako uku, cikin damina, Baba Tanko ya tafi Gusau neman kayan gyara. Da hantsi wani malamin makaranta ya iso a kan babur, ya ce ƙanwarsa Hassi kwana biyu tana naƙuda, ungozomar ƙauye ta yi iya yinta. Ƙa'idar aiki ita ce mota ba ta fita sai babban nas ya sa hannu a takardar fita. Ya sa hannu, ya haɗa ni da Sista Rifkatu. Na taka mota kamar an biyo ni. Akwai wani rafi kafin ƙauyen, muka same shi ruwa bai wuce idon sawu ba, na ratsa. Muna hango rumbuna Sista ta ce, "Ba nan Baba yake tsayawa ba?" Na ce yau ba Baba ke tuƙi ba. Na danna jiniya, na kutsa cikin gari, na juya bayan mota zuwa ƙofar gidan, na yi tsalle na wangale ƙofar baya. A raina cewa nake ko masu jirgi sai haka.

Abin da ban sani ba, kuma da na tsaya gun mai gari da na ji, shi ne mahaifin mijin Hassi yana kwance a asibitinmu kwana tara. Kafin in buɗe baki gida ya kaure da kuka. Uwar mijin ta zube a zaure. Maza suka taru suna salati, har wasu sun tafi ɗauko magirbi za su nufi maƙabarta. Da ƙyar na samu aka ji ni, na ce tsoho yana nan da ransa, Hassi muka zo ɗauka.

Mijinta, Malam Shehu, ya dubi ƙofar da na buɗe, ya dube ni. Ya ce, "Matata da ranta za ka sa inda kuke sa gawa? Ba ta shiga wagga mota."

Na ce, "Malam, lokaci muke bi."

Ya ce, "Kai ka san lokacinta?"

Sista ta shiga ɗaki ta duba ta, ta fito fuskarta ta canza. Ta ja ni gefe ta ce yaron ya zo a gicciye, in ba an yi mata aiki yau ba za a rasa su duka biyu. Ta ce Hassi da kanta ta ji jiniya, ta ji kukan, ta riƙe ƙafar gado tana cewa a bar ta ta cika a ɗakinta. Yayanta malamin makaranta ya yi magiya har muryarsa ta dushe. Aka ce ba mai iya tanƙwara Malam Shehu sai mai gari. Aka aika masa, ya aiko cewa shi bai san da wasu baƙi a garinsa ba.

Nan muka yi azahar. Daga ƙarshe Sista ta ce, "Garba, fitar da motar nan, ka je ka yi abin da ya kamata ka yi tun farko." Na kai mota wajen gari, na dawo da ƙafa, na cire takalmi na durƙusa gaban mai gari. Ya bar ni a durƙushe ya gama abin da yake yi, sannan ya ce, "Yanzu kunka iso?" Na ce yanzu muka iso, ranka ya daɗe. Ya tashi ya tafi gidan da kansa. Maganar da ya yi da Malam Shehu ba ta kai ta shan fura ba, aka ɗaura shanu a amalanke. Sai bayan la'asar muka shigar da Hassi ta ƙofar gefe, mijinta ya zauna kusa da kanta.

Duk wunin nan ruwan sama yana zuba a gabas, ban ko lura ba. Muka iso rafin da na ratsa da safe muka tarar ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Na shiga da ƙafa in gwada, ruwa ya kai mani ƙirji tun ban yi nisa ba. Babu wata hanya. Na tsaya a bakin ruwa ina ɗaga kai sama kamar wawa, ni da na san babu jirgin da zai zo mana. Ina jin Sista tana cewa, "Hassi, riƙe hannuna, ƙanwata." Can na daina jin muryarta, sai salatin Malam Shehu. Rana ba ta faɗi ba Hassi ta cika, da abin da ke cikinta.

Na juya mota. Muka koma ƙauyen a hankali, ban taɓa jiniya ba, amma mutane na ganinmu suka gane. Na juya baya zuwa ƙofar gidan, na buɗe ƙofar da na buɗe da safe. Malam Shehu bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Ka ga abin da na ce maka. Motar gawa ta."

Washegari na gaya wa Baba Tanko komai, ban rage ba. Ya ce, "Gaisuwar da ka ƙi yi, minti nawa ce?" Ya ƙara da cewa rai na Allah ne, in je in wanke mota. Na san rai na Allah ne. Na kuma san yadda rafin nan yake da hantsi.

Abin da aikin nan ya koya mani ke nan, kuma ya koya mani da tsada. Ba mu da jirgi, ba mu da gada, mota guda ce. Abin da muke da shi kawai yardar mutane ce, Baba Tanko ya yi shekaru yana tara ta da ƙafarsa, ni na zubar a wuni ɗaya. Yanzu jikokina sukan kunna irin shirin nan na masu jirgi su ce in zo in ga aikina na da, sai in ce alwala zan yi in fita. Na ƙara shekara goma sha wani abu a kan motar nan kafin in yi ritaya, kuma ƙauyen su Hassi ba su sake aikowa a ɗauki mai rai ba.