Besfar Mushe Nomau

Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya a makaranta, kuma ba su suka yi laifin ba. Ni bakanike ne, haifaffen Maraɗi, a da garejina yana unguwar Zariya a gindin wata bishiyar dogon yaro. Abincina na kullum wajen 'yan kabu-kabu yake fitowa, amma baiwar da Allah ya ba ni ta tayar da tsofaffin babura ce, irin waɗanda sauran kanikawa ke cewa a kai wa masu sayen ƙarfe. Dattawa daga Tsibiri da Jiratawa suna kawo mini nasu. A wajenmu ba a rubuta takarda in an kawo gyara. Mutum zai ajiye abin hawansa, ya ce ga amana nan, ya juya, ko da wata biyu zai yi bai waiwayo ba.

Wani direba ne ya saka ni cikin wani zaure na waya, na masoya tsofaffin babura. Akwai 'yan Yamai a ciki, da 'yan Kano, da na Kwatano, har da na ƙasashen Turai. Da farko dariya suke ba ni. Manyan mutane masu motocin alfarma, sai ka ga suna rawar jiki a kan wata tsohuwar fitila da a ƙauye kaji ke kwana kanta. Ba ruwansu da sabon fenti, su dai abu ya zama na asali, yadda ya fito daga masana'anta. Ni kuwa ina amsa tambayoyinsu, suna kirana gwani, kaina yana daɗa girma.

Ran nan wani ya ce yana neman madubin wani babur na asali, ya faɗi abin da zai biya. Madubin yana gabana, a jikin babur ɗin wani dattijo da ya kawo gyaran birki. Na ce a raina madubi ai madubi ne, na kwance, na ɗaura masa sabo na kasuwa. Da ya zo ɗauka har godiya ya yi mini, wai na ƙawata masa abin hawa. Daga madubi na koma agogon gudu, daga nan karbireta, daga nan duk abin da sifana za ta iya kwancewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, na sha faɗa wa wasu haka da bakina.

Ana cikin haka aka kawo mini wani tsohon babur, besfar Mushe Nomau. Tsohon malamin makaranta ne a Tsibiri, shi ya sa har ya tsufa Mushe ake ce masa, yadda 'yan makarantar boko a wajenmu ke kiran malaminsu. Rabin magidantan unguwarsu ta hannunsa suka wuce, kuma an san shi da rashin mantuwa. In an yi gardamar iyakar gona ko ta wanda ya girmi wani, shi ake zuwa a tambaya, abin da ya faɗa ya zauna. Idonsa ya yi yana, ba ya iya hawa besfar, amma kowace safiya sai an tayar masa da ita ya zauna kusa yana sauraron kukan injin. Da ta fara gardamar tashi, babban ɗansa Habu ya ɗoro ta a bayan mota ya kawo mini.

Wallahi don alfahari kawai na ɗauki hotonta na saka a zauren. Wayata ba ta huta ba ranar. Koriya ce, ba a taɓa sake mata fenti ba, ba a taɓa canja mata inji ba. Wani mutum a Yamai, wakilin wani Bature, ya matsa mini lamba. Kwana uku ina ce masa ba ta sayarwa ba ce. A na huɗu na tuna da wata matacciyar besfa irinta da na taɓa gani a Jiratawa, jingine a bayan ɗakin wani mai lambu.

Na je na sayo gawar da arha. Sati shida ina haɗa ta, na yi mata koren fenti na dusasar da shi, na ɗora mata kujerar tsohon da lambarsa. Ta gaskiyar kuwa ta tafi Yamai a babbar mota, lulluɓe da buhuna. Lissafina ɗaya ne: mai kayan ba ya gani, 'ya'yansa kuma ba su san besfa ba balle cikinta.

Ni da kaina na kai ta Tsibiri da hantsi. Mushe Nomau ya fito zaure da sandarsa, ya shafa kujerar, ya yi murmushi, ya ce in tayar. Na buga, ta tashi da bugu ɗaya. Ya karkata kai yana saurare, murmushin ya gushe a hankali.

"Wagga ba ita ba ta," in ji shi.

Habu ya yi dariya, ya ce an yi mata gyara ne, dole kuka ya sake. Tsohon ya girgiza kai, ya ce shekara da shekaru yana jin ta, ya san ta da lafiya ya san ta da ciwo. Sannan ya laluba ya kama hannuna, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, kai ka san cikinta. Gaya mini gaskiya, ita ta, ko kunnena na ya hwara bina da ƙarya?"

"Ita ce, Baba," na ce.

Ya riƙe hannuna ɗan lokaci, sannan ya saki. Da Habu ya rako ni waje, ya tambaye ni ko akwai abin da ya canja a besfar. A nan na yi abin da ya fi satar muni. Na ce masa babu, tsufa ne kawai, na sha ganin dattawa sun fara haka, a dai riƙa lallaɓa shi. Idon Habu ya kawo ruwa, ya yi mini godiya.

Sauran labarin a bakin Habu na riƙa jinsa, don ya ci gaba da kawo mini babur ɗinsa gyara. Tsohon bai daina cewa ba besfarsa ba ce, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya faɗa masa. Maganar ta bazu cewa Mushe ya fara ruɗewa. Aka yi wata gardamar gona, ya faɗi inda iyaka take, wani ya ce a bar maganar mutumin da bai gane abin hawansa ba, aka yanke hukunci ba da shi ba. A gida ma aka daina shawara da shi, in ya yi magana sai a ce to Baba, a ci gaba da abin da ake yi. Habu yana ba ni labarin nan cikin baƙin ciki, ni kuwa ina tsugune ina ɗaure masa sarƙa.

Bayan wannan babu abin da ke yi mini nauyi. Na koma sayar da abin da ba ni da shi. Babur ɗaya na nuna wa mutum uku, kowa ya turo kafin alƙalami, kowa na ce masa mota na hanya. Na manta cewa 'yan zaure suna magana da junansu a bayan fage. Suka haɗa hotunan, ɗayansu ya iso Maraɗi, wata safiya na ɗaga kai daga aiki na ga shi tsaye da 'yan sanda biyu. Rana dubu ta ɓarawo, ta mai kaya ta zo. Alƙali ya ba ni shekara uku.

A gidan kaso ana shan wuya, ba sai na tsaya lissafa muku ba. Amma ba yunwa ko cunkoso ne suka fi cina ba. Maganar besfa ba ta taso a kotu ba, ba wanda ya san da ita sai ni. Duk lokacin da babur ya wuce ta bayan katanga sai in ji hannun tsohon nan a kan nawa, da tambayar da ya yi mini. Na yi kuka, na yi tuba, na yi alkawarin ranar da na fito zan je in faɗa a gaban jama'a cewa Mushe Nomau ne ke da gaskiya.

Kwana biyu da fitowata na hau mota zuwa Tsibiri. Habu na tarar a ƙofar gida, ya tare ni da fara'a, ya ce Baba ya rasu tun damina biyu da suka wuce. Na zauna a ƙasa na faɗa masa komai, tun daga hoton har zuwa ƙaryar da na yi masa a wannan ƙofar. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce:

"Ka san ya bar maka saƙo? Da ciwo ya yi tsanani ya ce in na ganka in roƙa mishi gahwara. Ya ce ya zarge ka a zucci, alhali kansa na ya ruɗe."

Na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce nasa haƙƙin ya bar ni da Allah, amma na mahaifinsa ba shi da ikon yafewa, shi ma da nasa kayan, tun da ya yarda da bakanike ya ƙaryata ubansa. Ya tashi ya shiga gida, bai rufe ƙofa ba, bai kuma ce in shigo ba.

Yanzu faci nake yi a bakin hanya, kuma na gode Allah. Ku samari masu sana'ar hannu da waya a aljihu, ku ji daga bakin wanda ya taɓa. In an ajiye muku amana, kada ku kwance ko ƙusa ɗaya a jikinta, komai yawan abin da wani ya taya daga nesa. In kuma shaiɗan ya riga ya ja ku, mai kaya ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya a ranar, ku sha kunyar tun yana da rai. Ni na jira sai na gama shekara uku. Tsohon ya tafi kabari yana neman gafarata, tawa kuwa har yau ban sami wanda zan roƙa ba.