Ƙwaryar Inna Hajo

Jama'a, abin da za ni gaya muku ba ji na yi ba, da ni aka yi shi, kuma wallahi ko mijina sai da na kawo mishi shaida kafin ya yarda. Shekarun farin nan ne, ina aure a Kurawa ta ƙasar Sabon Birni, lokacin da damina biyu ta zo ta wuce gero bai kai gwiwa ba.

Akwai wata Bafulatana, Inna Hajo, da ke kawo mini nono tun ina amarya. Da shanunsu suka fara faɗuwa, mutanenta suka ɗaura niyyar yin kudu, sai ta shigo da wata ƙwarya mai nauyi, an rufe ta da faifai an liƙe bakin da laka, ta ce, "Ɗiyata, aje mini wagga har in komo. Kada ki buɗe, kada ki ba kowa." Na ce to, na rataye ta a ragaya can ƙuryar ɗaki.

Yunwa kuwa ta ci gaba har muka cinye irin shuka, abin da manomi ba ya taɓawa sai ya ga mutuwa ido da ido. Allah ya gafarta mini, sau biyu ina sauko da ƙwaryar nan in girgiza, in ji abu na motsi ciki shuu, in tuna amana ce, in mayar ina hawaye. Ban gaya wa kowa ba.

Ana nan sai wana Garba, da ke aikin tela a Yamai, ya aiko da mota in je in zauna wa matarsa jego. Ranar da za ni komo saura kwana ɗaya ya ce, "Ke, za ki koma Gobir ki ce kin zo Yamai, alhali tukunyar wanka kaɗai kika gani? Sa mayafinki." Muka fita a ƙasa da hantsi. Kai! Na sha kallo. Benaye, Zabarmanci da Faransanci ko'ina, burodi dogo kamar taɓarya an soke shi a hammata, mata na tuƙa babur ba ko kunya. Ya kai ni inda ake aje namun daji, na ga zaki kwance haƙarƙarinsa waje, tausayinsa ya kama ni, na ce ashe har kai farin bai bari ba. Garba na ta dariya, wai baƙauyiya ta zo birni tana yi wa zaki jaje.

Wajen azahar muka hau babbar gadar da ke bisa kogin birnin. Ni da na yi ɗokin ganin ruwa, sai na tarar kogin ya janye, yashi ya fito tsibi-tsibi, mutane na tafiya a ƙasa inda ya kamata kwalekwale ya bi. Ina jingine da ƙarfe ina kallon raƙuma na wucewa da itace, sai na ji an ce a bayana, "Ɗiyata, kin sha rana."

Inna Hajo ce. Zanenta baƙi na saƙi, tsagar fuskarta, komi. Na rungume ta, na ji jikinta sanyi ƙalau, tana ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko. Garba ya rusuna ya gaishe ta, ta amsa. Na ce, "Inna, ba kudu kuka yi ba? Mi ya kawo ki nan?" Ta yi murmushi kawai, ta ce, "Sau biyu kina sauko da ita kina girgizawa, ko?"

Na fara rantsuwa ban buɗe ba, ta ɗaga hannu. "Na sani. Yanzu na ce ki buɗe, na bar miki. Amma ba na tukunya ba ne, kin ji? Ko yara na kuka, ba na tukunya ba ne." Ta ce ana jiran ta, ta bi bayan raƙuman nan. Sai Garba ya taɓa ni ya nuna ƙasa. Kwaltar nan da ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi, ga sawunta jiƙe sharkaf, ɗaya bayan ɗaya, muna kallo suna bushewa. Ya ce, "Ƙila daga kogi ta hau." Na ce ƙila. Amma kogin na da nisa ƙasa, kuma duk mun san haka.

Da na iso gida mijina Malam ya ƙi a taɓa ƙwaryar, ya ce amana ba a warware ta da labarin mace ɗaya, sai da Garba ya aiko da wasiƙa ya shaida. Muka fasa lakar. Gero ne, iri zaɓaɓɓe, an cuɗe shi da toka don ƙwari. Wata guda muna kwana da tafasa da kwaɗon ganye, gero na rataye bisa kanmu. Ruwa na sauka muka shuka, kuma shi ya fid da mu shekarar.

Bayan girbi mijin Inna Hajo ya komo da 'yan shanun da suka rage. Malam ya ɗora mishi dammunan gero a jaki, ni kuma na tambayi Inna. Ya dube ni ya ce, "Allah ya jiƙanta, ai ko garin Isa ba mu wuce ba ta kwanta. Kusa da Kamarawa muka rufe ta, kwana tara da tashinmu." Ya ce Yamai kuwa ko a mafarki ba ta san ta ba.

Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, ni dai Allah ne masani. Garba har ya rasu bai sake bin gadar nan a ƙasa ba. Ƙwaryar tana nan ɗakina, kuma duk ranar ruwan farko, in ƙamshin ƙasa ya taso, sai na waiga bayana. 'Yan'uwa, in an ba ku ajiya ku riƙe ta da kyau, ko a ƙuryar ɗaki kuke ku kaɗai. Ni dai na ɗauka ba mai gani na.